Sunan Da Ke Gindin Langa

Idan ka fito daga asibitin koyarwa ka gangara cikin Gyaɗi-Gyaɗi, akwai wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa inda za ka ga fararen riguna a rataye. Shagon Virginia Obiechina ke nan, telar da ta fi shekara ashirin tana ɗinka wa nas-nas da ɗalibai kayan aiki. Mutanen unguwa ba su taɓa iya faɗin sunan daidai ba, Bajiniya suke ce mata, ɗalibai kuwa Madam. Ni sunana Fiddausi, nas ce, saura kaɗan in ajiye aiki, kuma gida ɗaya muka tashi da ita. Yaya take ce mini. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, watan jiya saura ƙiris Virginia ta bar Kano baki ɗaya, saboda wani fim da kuma maganar wani mutum a rediyo. Har yanzu idan na tuna raina yana sosuwa, kuma ba da mutumin kaɗai nake fushi ba.

Mahaifinta mai gyaran rediyo ne. Bayan yaƙin basasa ya dawo Kano da matarsa, suka kama ɗaki biyu a gidanmu. Kafin Virginia sun binne 'ya'ya uku, biyu can garinsu lokacin yaƙi, ɗaya a nan gabanmu, ko arba'in bai yi ba. Da aka haifi wannan, uwar ta ƙi yarda ta ƙura mata ido, tsoron kada ta shaƙu da ita a sake ɗauke mata. Mahaifiyata, Inna Lami, ita ta dafa ruwan jego, ita ta dama kunu, ita ta riƙa ɗaukar jaririyar. Ranar da aka dawo daga coci Inna ta tambayi sunan da aka sa. Aka ce Virginia, amma na gida Nkemdilim. Inna ta ce wannan ya fi ƙarfin bakinta, me yake nufi? Uban ya ce ma'anarsa roƙo ne, wai nawa ya zauna mini.

Inna ta kalli yarinyar, sannan ta ce, "Ashe Abarta ce. Mu ma haka muke roƙo."

Yaran yanzu ba su san sunan ba, don haka bari in faɗa. A da idan mace ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna komawa, wadda aka samu daga baya akan sa mata Abarta, wato a bar ta, a bar wa uwarta wannan. Namiji kuma Abarshi. To, Inna ce kaɗai take kiranta da shi. Ko ni ban taɓa ba. Tun muna yara na ɗauka abin tsakaninsu ne, kuma ba zan ɓoye ba, da ɗan kishi a ciki, don ni Inna ba ta taɓa ba ni wani suna na musamman ba.

Uwar Virginia tana tafiya kasuwa da sassafe, saboda haka a bayan Inna ta yi wayo. Da Hausa ta fara magana. Ranar Asabar Inna ta yi mata kitso, ranar Lahadi ta bi iyayenta coci, ta dawo ta tarar an ajiye mata tuwonta. Sau biyu gari ya rikice a rayuwarmu, sau biyun a ƙuryar ɗakin Inna suka kwana ita da iyayenta. Idan ta je garinsu Kirsimeti, dariya suke mata wai Ibonta na Kanawa ne. A nan kuwa ita ce mai gyara wa 'ya'yana Hausa, ta ce wa babbar, "Ke Zainab, ba a cewa na yi missing ɗinki, cewa ake na yi kewarki."

Da za ta yi aure, Inna ta ce ba a kai 'yarta ɗaki hannu biyu. Ta tara mata langa goma sha biyu, irin kwanukan nan masu murfi da furanni da ake jere da su. Al'adarmu ce a yi wa kwano alama a gindi don kada ya ɓace a gidan biki. Inna ba ta yi boko ba, sai ta miƙo mini jan fenti da tsinke ta ce in rubuta. Na tambaye ta Virginia zan sa ko Bajiniya. Ta harare ni ta ce, "Sunanta za ki sa." Na zauna na rubuta Abarta sau goma sha biyu, ina yi ina ƙunƙuni.

Mijin mai sayar da kayan mota ne, mutumin kirki, bai yi tsawon rai ba. Ya bar ta da ɗa ɗaya, Ikechi, wanda yanzu yake aiki a Inugu da matarsa da 'ya'ya biyu. Ta dawo ɗakunan iyayenta a gidanmu, da keken ɗinki ta rene shi. Duk shekara sai ya ce ta tattara ta koma wurinsu, ita kuma amsarta ɗaya ce: "In koma ina? Ai wanda ya zo shi yake komawa."

Inna ta rasu shekara goma sha biyu da suka wuce. Wata uku bayan nan wata tashar talabijin ta shirya gasar kacici-kacici a kan harshe da al'adun Hausawa. Zainab ce ta kai sunan Virginia ba da saninta ba, wai ko za ta ɗan ware, don tun rasuwar ko rediyo ba ta kunnawa a shago. Ta yi faɗa, amma ta je. Mako shida tana kayar da malaman makaranta da 'yan jami'a, har ta kai zagayen ƙarshe ita da wani saurayi. Ina cikin 'yan kallo a zauren, layi na biyu daga hagu. Mai gabatarwa ya ɗago katinsa ya karanta tambayar ƙarshe: ban da Ajuji, wane suna Hausawa suke sa wa yarinyar da aka haifa bayan yayyenta sun yi ta rasuwa suna jarirai?

Saurayin ya girgiza kai. Virginia kuwa ta tsaya cak. Ta juyo tana kallon inda nake, ni kuma na tura fuskata cikin mayafi, don na san idan muka haɗa ido ba za a ƙarasa shirin ba. Ta daɗe a haka, har mai gabatarwa ya fara ƙirga mata lokaci. Sai ta faɗa a hankali, "Abarta." Aka tafa, aka ba ta firji, muka hau a-daidaita-sahu muka dawo gida. Firjin yana nan a shago, zare da yadi take ajiyewa a ciki.

Shekaru suka wuce, kowa ya manta. Bara sai ga wani matashi mai shirya fim, da ladabinsa, ya ce yana son ya yi fim a kan labarinta. Ya zauna awa biyu, ya sha zoɓo, ya yi ta rubutu. Ya tambaye ta inda ta san wannan suna, ta ce masa, "Na taɓa ji." Ina wurin, na buɗe baki zan yi magana ta taka mini ƙafa. Bayan ya tafi ta ce mini yayyenta uku da ke ƙasa ba kayan fim ba ne, Inna ma haka.

To, fim ya fito, muka kalla a wayar Zainab. Sun mayar da ita yarinya 'yar shekara ashirin, ɗalibar jami'a, sabuwar zuwa Kano, mai kiran mace da shi, namiji da ita. Sun haɗa ta da saurayi Bahaushe yana koya mata gaisuwa, tana kwaɓawa ana dariya. Babu Inna, babu gidan haya, babu keke. Abu ɗaya suka bari yadda yake, tambayar ƙarshe da dogon shirun da amsar. A farkon fim kuma suka rubuta da manyan baƙaƙe cewa labarin gaskiya ne, har da sunanta. Virginia ta kalla har ƙarshe ta ce, "Yarinyar tana da kyau, amma wanda ya ɗinka mata rigar nan bai iya wuya ba." Ta koma kan kekenta.

Masu sharhi suka yi ca a kan fim ɗin. Wasu suka yaba hoto da sauti, wasu suka ce soyayyar ta yi yawa, wasu suka ce fim ne na haɗin kan ƙasa, a kai shi makarantu. Amma kusan duk sun tsaya a wuri ɗaya, cewa ƙarshen bai shiga hankali ba. Yarinyar da ba ta bambance shi da ita ba, ina ta samo sunan da 'yan cikin badala ma ba su sani ba? Gaskiya suka faɗa, ni ma da ban san labarin ba haka zan ce. Da abin ya tsaya nan da ban rubuta komai ba.

Akwai wani Malam Lawan a Tarauni, malamin sakandare ne, yana da fili na sharhin finafinai a rediyo duk Asabar da hantsi. Mutum ne mai karatu, ana jin maganarsa. Shi ya je ya tono tsohon hoton gasar, ya ƙirga shirun Virginia da agogo, daƙiƙa ashirin da uku. Ya ce masu sauraro su duba, matar nan gefe take kallo, kamar mai jiran a ba ta wani abu. Ya ce shi bai ce an yi maguɗi ba, amma a shekarun nan ana son a nuna baƙuwa ta ci gasar Hausa don a kwantar da hankali, kuma ba laifi ba ne mutum ya yi tambaya. Bai ce ba, amma ya ce. Kalmar baƙuwa sau huɗu ya maimaita ta, ni ma na iya ƙirga.

Kafin la'asar an yanko wurin an watsa a waya. Ba wanda ya zage ta, kada in yi wa unguwarmu ƙarya. Abin da aka yi ya fi zagi ciwo. Ɗalibai su zo gwajin riga suna ƙunshe dariya. Mai kayan miya a kasuwar Tarauni, wanda ta shekara ashirin tana saye a wurinsa, ya ce mata cikin wasa, "Madam, ashe satar amsa aka ba ki?" Wata maƙwabciya da aka haife ta a gaban Virginia ta fara yi mata magana a hankali da ƙarfi, tana haɗawa da Turanci, kamar ranar ta sauka daga mota. Wannan ce ta karya ta. Ta kira Ikechi ta ce ya zo ƙarshen wata da mota.

Ni kuma me na yi? Fushi na yi, amma fushin kaina. An gano cewa ni take kallo, har a wurin aiki ana ce mini mai ba da amsa. Na yi kwanaki ina bin mutane ina rantsuwa ban ce komai ba, bakina a rufe yake. Kaina nake wankewa. Da ta gaya mini za ta tafi, sai na hau ta da faɗa, na ce duk ita ta ja, da ta faɗa wa mai fim gaskiya da ba a kai nan ba. Ta ce, "Haka ne, Yaya," ta ci gaba da naɗe yadi.

Ana jibi Ikechi zai zo, na tashi daga aikin safe ban ko cire fararen kaya ba, na tari a-daidaita-sahu zuwa Tarauni. Na samu Malam Lawan a ƙofar gidansa yana duba takardun yara. Na yi sallama, ban jira ya gama amsawa ba na ce ni ce matar da ake kallo a layi na biyu, kuma ina so ya taso ya ga baƙuwar tasa da idonsa. Na faɗi maganganu da yawa waɗanda ba zan rubuta ba. Abin da zan yaba masa shi ne bai yi musu ba, ya sa hularsa ya biyo ni.

Muka tarar da ita a tsakar gida cikin kwalaye, tana naɗe kwanuka da tsohuwar jarida. Ta gane muryarsa tun daga sallama. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta tambaye shi iyali da ɗalibai da zafin nan da ake fama da shi. Ina kallonsa yana sauraron Hausarta yana sunkuyar da kai. Ya fara kame-kame, wai shi fim ya yi wa sharhi ba ita ba. Na ɗauko langa ɗaya na cire jaridar, na kifa ta a gabansa. Fentin ya dushe, gefe ya ɓantare, amma ana karantawa. Na kifa ta biyu, na kifa ta uku. Tara suka rage cikin sha biyun, duk na jera masa.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wace ce Abarta?"

Virginia ta harare ni, amma ta ga abin ya riga ya fito. Ta ba shi labarin a taƙaice, yayyenta uku da Inna da ruwan jego. Ta ce ranar gasar wata uku ke nan ba wanda ya kira ta da sunan, sai ga shi an ce ta faɗe shi da bakinta a gaban jama'a, shi ya sa ya ƙi fitowa.

Ya ce, "Madam, me ya hana ki faɗa? Da kin faɗa wa mai fim, ko ki kira ni a filina na rediyo, da magana ta ƙare."

Ta ce, "Malam, kai an taɓa cewa ka kawo shaidar inda ka samo Hausarka?"

Ya nemi gafara, ya ce ranar Asabar zai gyara. Ta ce ya faɗi cewa ya yi kuskure kawai, kada ya ambaci yaran da suka mutu, kada ya ambaci Inna. Ya cika alkawari. A ƙarshen shirinsa ya ce ya je ya gani, matar haifaffiyar Gyaɗi-Gyaɗi ce, amsar tata ce, zarginsa ba shi da tushe, kuma laifin fim ɗin shi ne ya ɗauki 'yar gida ya mayar da ita baƙuwa, shi ma ya bi sahu. Magana ce mai kyau. Minti biyu ta ɗauka, kuma ba wanda ya yanko ta ya watsa a waya.

Na ɗauka shi ke nan, an wanke ta, za ta kwance kaya. Ina shiga da murnata na tarar Ikechi ya iso, ana ɗaure kwalaye. Na ce ba ta ji rediyo ba ne? Ta ce ta ji, Allah ya saka masa. Na ce to tafiyar ta mece ce kuma? Ta ce, "Yaya, ba don shi zan tafi ba. Shi bai san ni ba. Waɗanda suka san ni ne suka yi dariya, waɗanda suka fi sanina kuma suka yi shiru." Ba ta kalle ni ba da ta faɗa, kuma ba sai ta kalle ni ba.

Na koma gida. Ni na rubuta sunan nan da hannuna sau goma sha biyu. Na san ma'anarsa, na san wadda ta sa shi da dalili. Amma shekara goma sha biyu tun rasuwar Inna ina ganinta kullum, ina ce mata Bajiniya kamar kowa, ban taɓa tunanin cewa akwai abin da aka binne tare da Inna wanda nake da ikon dawo mata da shi ba. Na je Tarauni na yi wa bawan Allah tijara a kan ya kira ta baƙuwa, alhali ni da muka ci a kwano ɗaya ina kiranta da sunan da baƙi suke kiranta. Kunya ta kama ni sosai.

Washegari Lahadi, bayan ta dawo daga coci, aka loda motar. Keken ɗinkin aka sa ƙarshe, Ikechi da direba suka ɗaure shi da igiya. Maƙwabta suka fito, har da mai magana da Turancin nan, ana ta Allah ya kiyaye hanya. Ta bi kowa ta yi sallama. Ta zo wurina ta miƙo mini makullin shago ta ce in ba mai gidan da ya ba ta hayarsa, ta juya ta nufi mota. Ta riga ta kama murfin ƙofa. Ban shirya ba, kuma muryata ta fito ƙasa-ƙasa ba yadda na saba ba.

Na ce, "Abarta."

Ta ce, "Na'am, Inna."

Kafin ta juyo ta amsa. Da ta juyo ta ga ni ce, sai ta saki ƙofar ta zauna a kan dakalin gidan da aka haife mu, ta rufe fuska da gyalenta. Na zauna kusa da ita. Ikechi ya tsaya yana kallonmu, ya tambaye ni da Hausarsa ta ɗan Kano, "Umma, me kika ce mata?" Na ce sunanta na kira. Ya ce shi bai taɓa jin wannan suna ba. Na ce laifina ne.

Mun fi rabin awa a haka, direba yana ta duba agogo. Can ta share ido ta miƙe, ta ce wa ɗanta za ta bi shi ta ga jikokinta, ta yi musu wata ɗaya, don an riga an sa musu rai. Sannan ta nuna bayan mota ta ce a sauke keken da kwalin langa.

Makullin yana wurina, ban kai wa mai gida ba. Jiya ta kira ni ta ce ɗalibai sabbin ɗauka za su fara zuwa ranar Litinin ta sama, in gaya musu su ajiye yadinsu kada su kai wa wani ya ɓata musu wuya. Da wayar ta shigo Zainab ce ta miƙo mini, tana tambaya wace ce wannan da na sa wa suna Abarta a wayata. Na ce ta zauna in gaya mata.